Daga Bugun Zuciya zuwa Agogon Hannu: Tarihin Hango Tashin Kumburin Hanji

Mai karatu, idan kai ko wani naka yana fama da kumburin hanji mai daɗewa, ka san babban tashin hankalinsa shi ne rashin sanin ranar da zai motsa. Watanni su shuɗe lafiya ƙalau, sai kwatsam gudawa da jini da murɗar ciki su dawo.

A 1859 Samuel Wilks, likita a Landan, ya bayyana gyambon babban hanji a matsayin cuta daban da atini. A 1932 Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu, a asibitin Mount Sinai na birnin Niyok, suka fayyace ɗaya cutar, wadda ake kira da sunansa.

Sai dai shekarar da ta fi jan hankalina ita ce 1955. A lokacin ne Truelove da Witts, a Ingila, suka gwada maganin kotizon, suka kuma tsara ma'aunin tsananin ciwon: bayan gida mai jini sau shida ko fiye a rana, zazzaɓi, ƙarancin jini, da bugun zuciya fiye da 90 a minti. Ashe tun can zuciya tana ba da labarin hanji, amma ba a jinsa sai wuta ta riga ta kama. Gwajin jini da na bayan gida da leƙen hanji da na'ura, duk sai ka je asibiti.

A 2025 Dakta Robert Hirten da tawagarsa, a Mount Sinai ɗin dai, suka wallafa sakamakon bibiyar mutum 309 masu sanye da Apple Watch ko Fitbit ko zoben Oura. Sun tarar tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, da bugun lokacin hutu, suna sauyawa har mako 7 kafin ciwon ya tashi, domin kumburi yana taɓa jijiyoyin da ke daidaita zuciya.

Bincike ne, bai zama umarnin likita ba tukuna. Zazzaɓin cizon sauro ko rashin barci ma na hargitsa bugu. Don haka kada agogo ya sa ka ƙara ƙwayar prednisolone ko ka daina maganinka da kanka. Kai wa likitanka alƙaluman, ya haɗa su da gwaji. Ibuprofen da diclofenac kuwa, waɗanda ake saye a kemis ba takarda, suna iya tayar da ciwon, sai ka tambaya kafin ka sha.