Daga Kyandir Zuwa Salula: Yadda Aka Yi ta Koyar da Kimiyyar Sinadarai ta Hanyar Kallo

A hutun damina da ya wuce ƙanwata ta zo mini Damagaram daga jami'ar da take karatun kimiyyar sinadarai. Kullum idan na taso daga gidan rediyo da dare sai in tarar da ita a tsakar gida, ta jingina salula da buta, tana kallon wani malami Ba'indiye yana zana layuka masu hawa da sauka a allo. Takan tsayar da hoton ta yi rubutu, ta sake mayar da shi baya. Wata rana na tambaye ta me take koyo haka da ba ta ko ɗaga kai.

Ta ce, "Yaya, darasin tsefe haske ne, wanda ake kira sifektiroskofi. Jarrabawa gare mu bayan hutu."

Na ce, "To ba a koya muku a aji ba?"

Ta yi dariya ta ce, "An koya mana. Amma na'urar da ake maganarta sau ɗaya na taɓa ganinta, ita ma lulluɓe da leda. An ce wani ƙarfe ya mutu a ciki tun kafin mu shigo."

Maganar ta tsaya mini a rai. Ni ma'aikacin rediyo ne, sana'ata ji ce, ga shi Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Sai na shiga tambayar kaina: idan gani ya kori ji, shin ya kori taɓawa ma? Wannan ta sa na bi tarihin abin, kuma abin da na samo shi nake so in ajiye a gaban ƴan'uwa masu karatu.

Da farko, mene ne wannan ilimi? A wajen shekarar 1666 Isaac Newton ya bar wata ƴar kafa a tagar ɗakinsa, ya tare hasken ranar da ya shigo da gilashi mai kusurwa uku, sai hasken ya warwatsu zuwa launukan bakan gizo. Ya nuna cewa farin haske tarin launuka ne a cuɗe, gilashin kuwa tsefe su kawai yake yi kamar yadda ake tsefe kitso. A 1814 wani maƙerin gilashi na ƙasar Jamus, Joseph Fraunhofer, maraya da ya taso a hannun ubangida, ya duba wannan bakan gizo da madubin da ya fi na kowa kyau a zamaninsa. Ya ga ashe akwai siraran baƙaƙen layuka a cikinsa, ya ƙirga sama da 570, ya sa wa manyansu haruffa. Ya rasu a 1826 bai san ma'anarsu ba.

A 1835 masanin falsafar Faransa Auguste Comte ya rubuta cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin sinadaran da ke cikin taurari ba, tunda babu mai zuwa can ya ɗebo. Ba a yi shekara talatin ba aka ƙaryata shi. A garin Heidelberg, Robert Bunsen yana da wani murhun gas mai harshen wuta kusan marar launi, abokinsa Gustav Kirchhoff kuma masanin haske ne. A 1859 zuwa 1860 suka gano cewa kowane sinadari idan aka ƙona shi yana fitar da layukan haske nasa shi kaɗai, kamar yadda tsagar fuska take nuna asalin mutum. Sodiyam, wanda ke cikin gishiri, yana ba da ruwan ɗorawa a daidai gurbin da Fraunhofer ya ga baƙin layin da ya kira D. Ma'ana akwai sodiyam a rana, shi ne yake shanye wannan launi kafin hasken ya iso mana. Da wannan dabara suka gano sababbin sinadarai biyu: siziyam a 1860, bayan an ƙafar da kimanin tan 40 na ruwan wata maɓuɓɓuga, sai rubidiyam a 1861. A 1868 kuma aka ga wani layi a hasken rana wanda bai dace da komai da aka sani a doron ƙasa ba. Aka kira sinadarin hiliyam, daga sunan rana a harshen Girka. Sai a 1895 William Ramsay ya same shi a ƙasa.

Duk wannan ilimi na ido ne. Na gwada a raina yadda zan bayyana wa mai sauraro a ƙauyen Mirriya layi ja siriri a gefen layi shuɗi, na ga ban iya ba. Malaman sinadarai sun daɗe da sanin haka, shi ya sa tun kafin a ƙirƙiri kyamara suke mayar da aji dandalin kallo. A birnin Landan, cibiyar Royal Institution ta fara laccocin Kirsimeti na yara a 1825, kuma Michael Faraday shi ne tauraronsu. Laccarsa mafi shahara a kan kyandir ce. Da kyandir guda yake nuna yadda kakin zuma ke hawa lagwani, da inda ruwa da hayaƙi ke fitowa idan abu ya ƙone, da abin da ya haɗa numfashin mutum da cin wuta. An buga ta littafi a 1861. Tun daga 1966 ake nuna waɗannan laccoci kowace shekara a talabijin.

Amurka ta shigo da ƙarfinta bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957. Tsoron an bar su a baya ya sa aka zuba kuɗi a koyar da kimiyya. A 1958 tashar NBC ta fara wani shiri da ƙarfe shida da rabi na safe, wanda ake koyar da darasin jami'a, aka fara da kimiyyar lissafi da ƙarfi, shekara ta biyu aka sa ta sinadarai, kuma da launi aka nuna ta. Malaman sakandare suna kallo kafin su tafi aiki, wasu kwalejoji kuma suna yi musu jarrabawa su ba su maki. A farkon shekarun 1960 wani kwamiti ƙarƙashin Glenn Seaborg, wanda ya ci kyautar Nobel, ya shirya finafinan koyar da sinadarai na makarantu. Abin lura shi ne, finafinan rakiya ce kawai ga littafi da gwajin da ɗalibi zai yi da hannunsa. An keɓe su ne ga gwaje-gwajen da suka fi ƙarfin aji, ko don tsada ko don haɗari.

Misalin da ya fi burge ni na Ingila ne. A 1969 aka kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a, ta fara karatu a watan Janairun 1971 da ɗalibai kimanin 25,000, yawancinsu ma'aikata da matan gida waɗanda ba su samu shiga jami'a ba tun da fari. BBC ce take watsa darussan, da dare ko da sassafe. Masu suka sun ce ba a koyon kimiyya daga kujerar falo. Jami'ar ba ta musa ba. Abin da ta yi shi ne ta riƙa aika wa kowane ɗalibin kimiyya akwati ta gidan waya, ciki da kwalabe da sinadarai da ƙaramin madubin ganin ƙananan halittu, ya yi gwaji a kan teburin madafa. Ta ba kowa malami a yankinsa mai duba aikinsa, sannan da rani ɗalibai sukan yi mako guda a ɗakin gwaje-gwaje na gaske. An ci gaba da watsa darussan har Disambar 2006, lokacin da faifai da intanet suka karɓi aikin.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan labarin Turawa ne. To mu ma nan Nijar muna da namu, kuma mun riga Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila. A 1964, zamanin shugaba Diori Hamani, aka fara talabijin ta makarantu a yankin Yamai da tallafin Faransa, shekaru da dama kafin a buɗe Télé Sahel wa jama'a. Dalilin a fili yake: ƙasa ta samu ƴancin kai babu isassun malamai. Sai aka tara ƙwararru a ɗakin shirye-shirye suna haɗa gajerun darussa, aka ajiye akwatin talabijin a aji, aka sa mai kula wanda shi kansa bai wuce firamare da nisa ba. A zangon gwaji azuzuwa kimanin ashirin ne, yara wajen 800. Wasu akwatunan da hasken rana suke aiki, abin da a lokacin baƙo ne ko a Turai. Masana daga ƙasashe sun zo sun gani sun yaba, domin yaran sun saki baki da Faransanci, kuma ba sa gudun lakwal. Amma shirin bai taɓa kai wa ga yawancin yaran ƙasar ba. Kuɗinsa da ƙwararrunsa daga waje suke, gyaran akwati a ƙauye ba wasa ba ne, kuma malaman da aka horar ta tsohuwar hanya ba su rungume shi ba. A hankali ya shuɗe. Kodibuwa ta yi irinsa da ya fi girma daga 1971, ita ma ta rufe a farkon shekarun 1980. Na firamare ne, ba na jami'a ba, amma darasin ɗaya ne: hoto yana isa inda malami bai isa ba, sai dai idan babu mai riƙe da shi a ƙasa, ranar da baƙo ya naɗe tabarmarsa abin ya tafi tare da shi.

Zangon da ƙanwata ta tsinci kanta a ciki ya faro a 2001, da jami'ar MIT ta Amurka ta sanar za ta sa kayan darussanta a intanet kyauta. A 2003 manyan cibiyoyin fasaha na Indiya suka fara nasu shirin, NPTEL, wanda daga cikinsa ne malamin da take kallo ya fito. YouTube ya zo a 2005. A 2008 Farfesa Martyn Poliakoff na Jami'ar Nottingham da wani ɗan jarida, Brady Haran, suka yi wa kowane sinadari na jadawali bidiyonsa. Abin da a da sai ɗan gata yake ji a Landan ko Boston, yau yarinya tana kallonsa a tsakar gida a Damagaram da kuɗin data. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma ni ba na cikin masu raina shi. Bidiyo ba ya gajiya da maimaici, ba ya yajin aiki, ba ya hararar mai tambaya.

Sai dai akwai abu biyu da tarihin nan ya nuna mini. Na farko, duk inda koyarwa ta hoto ta yi nasara, an haɗa ta da hannu da kuma mutum. Ƙanwata tana iya duban zanen da na'ura ta fitar ta gaya maka wane irin sinadari ne. Amma ba ta taɓa auna samfur ta zuba ba, ba ta san yadda sakamako yake ɓaci idan kwalba ba ta wanku ba, ba ta san ƙarar na'ura mai lafiya da marar lafiya ba. Kallon tuwo ba ya maganin yunwa. Kuma wannan ba maganar cin jarrabawa kaɗai ba ce. Da waɗannan na'urori ake gane maganin jabu, da ruwan rijiya mai guba, da yawan ƙarfen da ke cikin dutsen da ake haƙowa. Ƙasar da aka shigo mata da allurar rigakafin jabu a tsakiyar annobar sanƙarau ta 1995, ƙasar da ake ɗibar yuraniyom ɗinta a Arlit tun farkon shekarun 1970, tana bukatar ƴaƴanta su iya auna abu da kansu. Na san manyan na'urorin suna da tsada. Mai aiki da maganaɗisu tana son lantarki marar yankewa da ruwan hiliyam don sanyaya ta, wato sinadarin nan da aka fara hangowa a rana. Amma akwai ƙanana masu sauƙi, kuma sau da yawa abin da ke kashe su rashin kasafin gyara ne da rashin mai gyara.

Na biyu shi ne harshe. Yarinyar nan da Hausa take tunani, da Faransanci aka koya mata, ga shi yanzu tana bin darasi da Ingilishin Indiya. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, masanin makamashin rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira a ba harsunanmu gurbi a makaranta. Yau kyamara tana aljihun kowa. Ina malamanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Kano da Zariya? Minti goma da Hausa a kan dalilin da ya sa gishiri ke canza launin wuta zai amfani ɗalibin jami'a, ya amfani ƙaninsa na sakandare, har uwarsu da ke gefe tana tankaɗe ta tsinci wani abu.

Daren da za ta koma, na ce ta nuna mini abu ɗaya da idona. Ta kunna gas a madafa, ta jiƙa bakin cokali ta dangwali gishiri ta kai wuta. Harshen da yake shuɗi ya koma ruwan ɗorawa. Ta sake da kanwa, launin bai canza ba, ta ce ai duk sodiyam ne. Sannan ta samo kwalin sabulu, ta tsaga siririyar kafa a gefe guda, ta liƙa guntun tsohon faifan CD a ciki, ta ce in leƙa ta wani rami in fuskanci doguwar fitilar nan fara ta zaure. Na leƙa. Maimakon bakan gizo mai haɗe, sai na ga layuka a rarrabe, kore da shuɗi sun fi fitowa. Ta ce na sinadarin da ke cikin fitilar ne.

Na ce, "A ina kika koyi wannan?"

Ta ce, "A bidiyo na gani, Yaya. Amma yau ne na fara yi."

Mun daɗe a zauren muna karɓa-karɓar kwalin. Da safe na raka ta tasha, na ƙara mata kuɗin data, na kuma roƙe ta idan ta koma ta tara ƴan ajinsu su je su tambayi nawa ne kuɗin ƙarfen nan da ya mutu. Idan sun samo amsa, na yi mata alkawarin zan karanta ta a rediyo.