Faɗakarwa ga Ɗalibai a kan Kayan da Nasara Suka Ce Sun Ɗauka

Bismillahi. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mutane daga uba ɗaya, ya saɓa launukansu da harsunansu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai mai neman ilmi, ka sani dalilin wannan takarda shi ne wani ɗalibi ya same ni a zaure a Ƙofar Wambai bayan La'asar, ya ce ya ji a makarantar boko wai Turawa sun ɗauki nauyin wayar da kan baƙar fata, shi ya kawo su. Muna cikin magana sai ga ɗan dako ya fito daga kasuwa da ƙunshin fatu a kai, mai kayan yana biye da shi hannu rabbana yana kukan gajiya. Na ce wa ɗalibin: ga misalinka nan. Sa'an nan na yi niyyar rubuta abin da ya sawwaƙa, Allah ne abin neman taimako.

Fasali na farko, cikin asalin wannan da'awa

A 1884 zuwa 1885 manyan ƙasashen Turai suka taru a Barlin suka shimfiɗa ƙa'idojin mallakar ƙasashen Afirka, babu sarkinmu ko ɗaya a wurin. A 1899 wani mawaƙin Ingila mai suna Kipling ya yi waƙa a kan nauyin da ya ce yana wuyan farar fata, yana zuga Amurka ta riƙe tsibiran Filifin. Ma'anarta ita ce mulkin wasu al'umma wahala ce da mai fifikon asali yake sha domin amfanin na ƙasa da shi. Lugga, wanda ya ci ƙasarmu, ya tafi a kan wannan hanya cikin littafinsa na 1922, ya jera mutane daraja daraja, har ya fifita Fulani a kan sauran baƙaƙe, wai jininsu ya fi dacewa da sarauta.

Ka lura, wannan hujja ba sabuwa ba ce. Farkon wanda ya kafa hujja da asalin halitta shi ne Iblis, ranar da ya ƙi sujada ga Adamu yana fifita wuta a kan yumɓu. Abin da Nasara suka ƙara shi ne sun tufatar da girman kai da rigar jin ƙai.

Fasali na biyu, cikin abin da ya auku a Kano

A watan Zulƙida na 1320, daidai da 3 ga Fabrairu 1903, rundunar Kanar Morland ta iso Kano bayan ta ci Bebeji. Mafi yawan dakarun baƙaƙe ne, da Hausawa a cikinsu, Turawa kaɗan ne ke bisa kansu. Suka fasa ta yammacin birni da igwa. Sarki Alu Babba ba ya gari, ya tafi Sakkwato da mayaƙansa. Sarkin Shanu ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi.

Labari ya riski jama'ar Alu a hanya, shi kuwa ya rabu da su da dare. A nan kaya ya faɗo a kan 'yan'uwa, kowa ya ɗauki nasa. Waziri Ahmadu ya ce sai faɗa, ya gamu da Nasara a Kwatarkwashi, ya faɗi a fagen fama, ana ce masa Mai Shahada. Wambai Abbas ya dubi mata da yara da raunana, ya juyo da su gida, Lugga ya naɗa shi sarki a watan Afrilu, ya yi mulki har 1919. Sarautar Wambai tsohuwa ce, ta riga shi, amma ban taɓa bi ta ƙofar nan ba face na tuna da shi. Alu kuwa an kama shi, aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, a can ya cika a 1926.

Haka aka yi a Sakkwato bayan 15 ga Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira ya nufi gabas, talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi, aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli, ya yi shahada da jama'a mai yawa. Waziri Buhari ya zauna, ya nemi fatawar malamai, ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana uzurinsa: an halatta sulhu a zahiri idan an ji tsoron halakar Musulmi, muddin ba a hana salla da azumi ba, zuciya kuma ba ta karkata ba.

Ya ɗan'uwana, kada harshenka ya yi gaggawa a kan ɗayansu. Wanda ya tafi ya ji tsoron jiɓintar kafirai, wanda ya zauna ya ji tsoron tozartar da amanar raunana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya jiƙansu duka.

Fasali na uku, cikin wanda ya ɗauki kayan a haƙiƙa

Da Nasara suka zauna, sai suka ce haraji da jangali a biya da kuɗinsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manomi ya koma shuka gyaɗa domin ya sami abin biya, aka tara buhuna kamar duwatsu ana kai su teku. Aka ɗebi mutane aikin hanya da dako. A yaƙin duniya na biyu, daga 1942, aka tilasta dubban talakawa haƙar kuza a Jos, sanyi da cuta suka kashe da yawa.

Su kuwa suka yi gidajensu a Nasarawa, dokarsu ta ce a bar fili yadi 440 tsakanin mazauninsu da na baƙar fata, wai saboda sauro. Baƙi daga kudu aka ware musu Sabon Gari. To, ka tambayi kanka: wane mai reno ne yake auna tazara tsakaninsa da abin renonsa?

Fasali na huɗu, cikin adalci ga abokin gaba da tuhumar kai

Addini ya hana ƙiyayya ta sa mu bar adalci. Nasara sun rufe kasuwar bayi, sun hukunta cewa duk wanda aka haifa bayan watan Maris na 1901 ɗa ne, suka soke bauta gaba ɗaya a 1936. Sun bar alƙalai da masallatai. Wannan gaskiya ce, kuma akwai kunya a cikinta gare mu, domin da aibinmu suka kafa mana hujja.

Alhali malamanmu sun riga su magana. Ibn Khaldun cikin Muƙaddima ya ɓata zancen masu cewa baƙin launi la'ana ce da ta bi zuriyar Hamu ɗan Nuhu. Ahmadu Baba na Tambutu, wanda mayaƙan Maroko suka tafi da shi Marrakush a ɗaure, ya yi fatawa a 1615 cikin Mi'irajus Su'udi cewa launi ba ya halatta bautar da kowa, ya ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda mallakar mutanensu haramun ce. Da an riƙe wannan da gaske, da mahara ba su wofintar da ƙauyuka ba.

Nasara sun sauke tutarsu ranar 1 ga Oktoba 1960, amma cutar ba ta da launi. Na ga gidan da aka hana mai ilmi da tarbiyya aure domin an ce kakansa bawa ne. Na ji ana raina mahauci da wanzami da majemi saboda sana'ar gado, alhali da fatar majemin ake yin gafakar Alƙur'ani. Wanda ya zagi Lugga da safe, ya kuma tambayi asalin maƙwabcinsa da maraice domin ya ƙasƙanta shi, ya ɗauki karatun Lugga bai sani ba. Ka koma aya ta 13 cikin Suratul Hujurati, ka ga da me aka auna girma.

Wasiyyata gare ka uku ce. Idan wani ya ce ya ɗauki nauyinka, ka dubi wuyan wa gammo yake. Idan Allah ya ba ka ilmi ko iko, ka riƙe shi amana da za a tambaye ka, kada ka mai da shi shaidar fifikon jininka. Idan ka karanta labarin magabata, ka yi musu addu'a kafin ka yi musu hukunci.

Ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Wanda ya ga kuskure ya gyara, wanda ya kwafa ya sa marubuci da iyayensa da malamansa cikin addu'a. Allah ne mafi sani. Amin.