Ranchers Bees ta Kaduna da Shekarar Farko ta Gasar Ƙwararru

Gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a Nijeriya ta fara ne ranar 12 ga Mayu, 1990, a filin wasa na Onikan da ke Legas, da ƙungiyoyi 16, kuma Ranchers Bees ce ta wakilci birnin Kaduna a cikinsu. Abin da ake nufi da ƙwararru a nan shi ne 'yan wasan da ƙwallo ce sana'arsu a hukumance, waɗanda ke da rubutacciyar yarjejeniya da ƙungiyarsu da albashin da aka ƙayyade, saɓanin tsarin da ake bi tun kafa gasar ƙasa a 1972, inda a takarda ɗan wasa ma'aikacin banki ne ko na kamfani ko na wata ma'aikatar gwamnati, ko da kuwa kowa ya san filin atisaye ne wurin aikinsa.

Ranchers Bees kanta 'yar wancan tsohon tsari ce. Da farko sunanta DIC Bees, domin mallakar Hukumar Masana'antun Tsaro ce, wadda aka kafa a 1964 don ƙera makamai da harsasai, kuma masana'antarta na Kakuri, a kudancin Kogin Kaduna, kusa da masaƙu irin su KTL da UNTL. Sai dai filayen da ake kallon wasa a arewacin kogin suke: filin wasa na Ahmadu Bello da aka gina a tsakiyar shekarun 1960, da kuma ƙaramin filin cikin gari wanda har yau jama'a ke kiransa da sunan Ranchers Bees. Daga Tudun Wada da Unguwar Shanu da Kawo da Unguwar Rimi da Kabala 'yan kallo ke cika waɗannan filaye, kuma a fegi-fegin unguwannin nan ne yara ke koyon murza leda kafin wani koci ya hango su. Da yake Kaduna gari ne da Turawan mulkin mallaka suka kafa ya zama hedikwatar Arewa, wanda aikin gwamnati da soja da jirgin ƙasa da masaƙa suka tara masa mutane daga kowace kusurwa, ƙungiyar ta kasance wurin da Bahaushe da ɗan Kudancin Kaduna da ɗan Binuwai da Bayarabe da Ibo ke sa riga iri ɗaya, magoya bayanta ma haka suke.

A 1983 DIC Bees ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wato kofin sili-ɗaya-ƙwale na ƙasa wanda aka fara tun 1945, inda Rangers ta Inugu ta doke ta. Bayan haka ne ƙungiyar ta koma hannun attajiri Alhaji Mukhtar Aruwa, wanda daga baya ya zama sanatan Kaduna ta Tsakiya a 1999, kuma a hannunsa ta sami sabon suna da shekarunta mafi armashi. Ta sake zuwa wasan ƙarshe na kofin a 1987, Abiola Babes ta Abekuta ta yi nasara a kanta, amma da aka rushe Abiola Babes sai Ranchers ta wakilci Nijeriya a gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu a 1988, ta kuwa kai wasan ƙarshe, inda ƙwallo ɗaya tak a wasanni biyu ta ba wa ƙungiyar Bizerte ta Tunisiya kofin. A 1989 ta huce haushinta da cin kofin WAFU, na ƙungiyoyin Afirka ta Yamma, bayan ta doke ASEC ta Abijan. Ke nan lokacin da aka buɗe gasar ƙwararru, Kaduna ta shiga ne da ƙungiyar da ke kan ganiyarta, wadda aka san sunanta a wajen Nijeriya.

Dokokin soja masu lamba 10 da 11 na 1990, waɗanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa gasar da su, sun ɗora wa ƙungiyoyi sharuɗɗa masu nauyi. An bukaci kowace ta yi rajista a matsayin kamfani mai hukumar daraktoci, ta riƙa yin taron shekara-shekara, ta gabatar da lissafin kuɗinta bayan masu binciken kuɗi masu zaman kansu sun duba shi, ta reni ƙungiyar matasa, sannan ta mallaki filin wasanta cikin shekara biyar, an kuma yafe musu haraji na tsawon wannan lokaci. Manufar mai kyau ce, domin rushewar Leventis United ta Ibadan da Abiola Babes bayan kakar 1987 ta nuna cewa ƙungiyar da ta dogara da aljihun mutum ɗaya ko kamfani ɗaya tana iya ɓacewa dare ɗaya, komai yawan kofunanta. Matsalar ita ce dokar ta zo a lokacin tsuke bakin aljihu na SAP, wato shirin gyaran tattalin arziki da aka fara a 1986, wanda ya karya darajar naira, ya kuma raunana masana'antun da ya kamata su sa kuɗi a wasan, da ma'aikatan da ya kamata su sayi tikiti. Ga ƙungiya irin Ranchers, wadda ba gwamnatin jiha ke ɗauke da ita ba, sabon tsarin ya ƙara yawan abin da za a kashe, daga albashi da kuɗin sa hannu zuwa doguwar tafiya a mota zuwa Owerri da Binin da Legas, ba tare da ya buɗe wata sabuwar hanyar samun kuɗi mai kauri ba.

Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ce ta lashe gasar ta 1990, karo na uku a jere idan aka haɗa da shekaru biyun ƙarshe na tsohon tsari, BCC Lions ta Gboko kuma ta ɗauko kofin Afirkan da ya kuɓuce wa Ranchers shekara biyu kafin nan. A shekarar ce kuma aka kafa Kano Pillars ta hanyar haɗe wasu ƙungiyoyin Kano. Amma a Kaduna abin da ya fi barin tasiri shi ne tafiyar Daniel Amokachi, haifaffen garin, wanda yana ɗan shekara 17 koci Clemens Westerhof ya ɗauke shi daga Ranchers ya tafi da shi gasar cin kofin Afirka a Aljeriya a watan Maris na 1990, kuma kafin shekarar ta ƙare ya koma Club Brugge ta Beljiyam. Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, dukkansu haifaffun Kaduna, sun bi sahu zuwa ƙetare a shekarun da suka biyo baya, kuma tare da Amokachi suna cikin tawagar da ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Abin alfahari ne ga garin, amma yana nuna inda ƙwarewar ta karkata: ɗan wasa ya zama ƙwararre na gaske, sai dai a wata ƙasa yake cin moriyar sana'arsa, ƙungiyar gida kuwa ta zama kamar gonar da ake girbe ta tun amfaninta bai nuna ba.

Kwatanta wannan da Japan yana da amfani, domin ita ma ta buɗe gasar ƙwararrunta ne a watan Mayu na 1993, da ƙungiyoyi 10 waɗanda galibinsu na kamfanoni ne a da, kamar yadda DIC Bees take. Can an sa ƙungiyoyi sun ɗauki sunan garuruwansu, an kuma haɗa kamfani da hukumar gari da mazauna wurin a ɗaukar nauyinsu. Kashima Antlers, wadda asalinta ƙungiyar ma'aikatan kamfanin ƙarafa na Sumitomo ce a wani ƙaramin gari, an gina mata filin wasa kafin a fara gasar, tana da Zico na Barazil a cikin 'yan wasanta, kuma ta lashe zagayen farko na kakarta ta farko. Japan ta fi Nijeriya dukiya nesa ba kusa ba, amma babban bambancin shi ne can an tanadi fili da masu zuba jari kafin a busa usur, a nan kuwa aka busa usur aka ba ƙungiyoyi wa'adin shekara biyar su nemo sauran.

Wa'adin ya cika ba tare da yawancin ƙungiyoyin sun cika sharuɗɗan ba, sannu a hankali kuma gwamnatocin jihohi suka zama masu riƙe da mafi yawan manyan ƙungiyoyin ƙasar. Ranchers Bees ta shafe shekarun da suka biyo baya tana hawa da sauka tsakanin rukunin farko da na ƙasa da shi, masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kuma sai a 2010 Kofin Ƙalubale, wanda a lokacin aka sauya masa suna zuwa Kofin Tarayya, ya zo Kaduna, ta hannun Kaduna United, ƙungiyar gwamnatin jiha, wadda ta doke Enyimba ta Aba a bugun daga kai sai mai tsaron gida.