Zanen Ɗigo-ɗigo da Masu Sake wa Tsofaffin Wasannin Gem Kama

Zanen ɗigo-ɗigo, ko zanen fiksel, shi ne yin hoto ta hanyar cike ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowane gida da launi guda. Da shi aka yi hotunan wasannin gem tun daga ƙarshen shekarun 1970 har zuwa tsakiyar shekarun 1990. Injinan wancan zamani sun daɗe da barin kasuwa, amma zanen bai bi su ba. A ƙasashe da yawa akwai waɗanda suka mai da shi abin sha'awa: su ɗauko tsohon wasa, su buɗe cikinsa, su goge hotunan da kamfani ya sa, su zana nasu.

Tilas ce ta haifi wannan zane. A 1978 Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito a Japan ya fitar da Space Invaders, inda kowane dodo bai wuce 'yan ɗigo da za a iya ƙirgawa da ido ba. Pac-Man na kamfanin Namco ya biyo baya a 1980. A 1981 Shigeru Miyamoto na Nintendo ya zana ɗan mutumin da daga baya aka sa wa suna Mario, a cikin wasan Donkey Kong, kuma kusan duk kamanninsa ƙarancin wuri ne ya tsara su. An sa masa hula don gashi yana da wuyar zanawa in mutum na tsalle. An yi masa gashin baki don babu isassun ɗigon da za su fitar da leɓe, aka kuma bambanta launin hannun riga da na jiki don a ga hannuwa na motsi idan yana gudu.

Injin da ya fi kowane tasiri a wannan tarihi shi ne Famicom, wanda Nintendo ta fitar a Japan ranar 15 ga Yuli, 1983, ta kuma kai shi Amurka a 1985 da sunan NES. Hoton da yake nunawa ɗigo 256 ne a kwance, 240 a tsaye. Injin ba ya ajiye hoto sukutum. Yana yanka komai ne gida-gida, kowane yanki ɗigo 8 a kan 8. Duk abin da ke motsi, mutum ne ko dabba ko harsashi, launi uku kawai kowane yankinsa ke iya ɗauka, na huɗun kuwa babu komai, ana hango abin da ke bayansa. Yankuna masu motsi 64 injin ke iya riƙewa a lokaci guda, kuma takwas kacal ke iya jeruwa a layi ɗaya. Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa kilobait 40 ne, takwas daga ciki na hotuna. Hoton fasfo guda a wayar hannu ta yau ya fi shi nauyi. Shi ya sa gajimare da ciyayin da ke cikin wasan zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Luigi, ɗan wasa na biyu, shi ma Mario ne aka canza wa tufafi, kuma tafiyar ɗan dodon nan mai kama da laimar kwaɗi, Goomba, hoto guda ne ake juya shi dama da hagu.

Za a fi gane nauyin waɗannan ƙa'idoji idan aka ɗauki abin da mutumin Kabi ya sani. A ce mai zane na son sa masuncin bikin kamun kifi na Argungu a cikin Famicom. Girman ƙaramin Mario zai ba shi, ɗigo 16 a kan 16, jimilla gidaje 256. Launi ɗaya zai tafi a fata, ɗaya a gora, na ukun a homa. Wando sai dai ya ari launin homar. Idanun homa ba za su zanu ba, don zare ɗaya ma ya kai faɗin idon mutumin, saboda haka sai a cike gida ɗaya a tsallake ɗaya, idon mai kallo ya ƙarasa sauran. Giwan ruwa da za a ciro tana bukatar nata yankunan da nata launukan. Babbar matsalar ita ce taro. Kowane masunci na cin yanki biyu a layi, wato huɗu ne kaɗai za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa a bakin kogin Matan Fada. Na biyar na shigowa sai hoto ya fara ƙyaftawa. Dubban mutanen da ke rugawa cikin ruwa idan an ba da alama dole a zana su a matsayin bango marar motsi. Duk wanda ya taɓa ganin mutane na ɓacewa suna dawowa a tsohon gem idan allo ya cika, wannan iyakar ce ya gani, ba lalacewar kaset ba.

Aikin ya yi kama da saƙar tabarmar kaba mai launi: mai saƙa ba ta da layi mai lanƙwasa, sai hawa-hawa, kuma da ƙirgen kara nawa za a ɗaga, nawa za a danne, take fitar da ado. Masu zanen farko da takarda mai gidaje-gidaje suka yi aiki, su cike da fensir, sannan a mai da kowane layi lambobi a shigar. Haka Susan Kare ta yi lokacin da take zana alamomin kwamfutar Macintosh ta 1984, a gidaje 32 a kan 32. A Japan, Kazuko Shibuya ta kamfanin Square ita ta zana 'yan wasan Final Fantasy na 1987. Waɗannan mutane sun kuma yi la'akari da tsohuwar talabijin mai doro, wadda ke ɗan narkar da gefen kowane ɗigo cikin na kusa da shi. Abin da ya sa ke nan tsohon wasa kan fito da kaushi a fuskar waya ta zamani, fiye da yadda masu shi suka gan shi.

Taɓa wasan da wani ya yi kusan sa'an sana'ar ne. A 1981 wasu matasa da suka yi karatu a jami'ar MIT ta Amurka, masu kamfanin General Computer Corporation, suka yi wa Pac-Man ƙari suka kira shi Crazy Otto. Kamfanin Midway ya karɓa, aka sake zana ɗan wasan da jan baki da ɗan ƙulli a ka, ya fito a 1982 da sunan Ms. Pac-Man, ya kuma zama ɗaya daga wasannin da suka fi kasuwa a Amurka.

Sai dai hanyar da irin wannan aiki ya bi ya iso ƙasar Hausa daban ce. Daga ƙarshen shekarun 1980 masana'antu a Taiwan da Sin suka dinga ƙera kwafin Famicom da araha. A Rasha an san shi da Dendy tun 1992. A wasu wurare an yi masa ƙirar PlayStation an rubuta PolyStation. Irinsu ne suka cika kasuwannin kayan lantarki na Alaba a Legas da Sabon Garin Kano, daga nan suka gangara sauran garuruwan Arewa, a daidai shekarun da Birnin Kebbi ke sabawa da zama babban birnin jiha bayan 1991. Da su ake haɗo kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ke alkawarin wasanni dubbai ko miliyoyi, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Da yawa daga abin da ke ciki an riga an taɓa shi. Wasan tankokin yaƙi da aka fi sani da Tank 1990 gyararren Battle City ne na Namco na 1985, wanda wasu a Sin suka ƙara wa filaye da makamai. Akwai jerin wasanni masu suna Mario da lamba a gaba, waɗanda Nintendo ba ta san da su ba: a ɗauki wani wasa dabam, a cire kan jaruminsa, a ɗora na Mario. A 1994 Hummer Team ta Taiwan ta ma sake gina Sonic na kamfanin Sega a kan Famicom, ta sa Mario a madadinsa, ta kira shi Somari. Wannan kasuwanci ne, ba sha'awa ba, kuma zanen yawanci na gaggawa ne, kai wani launi, jiki wani. Duk da haka, yaran da suka yi ta rububin fad kafin NEPA ta ɗauke wuta sun girma ne a kan wasannin da aka sake wa kama, ba tare da sun sani ba.

Kudancin Amurka ne ya nuna dalilin da ya fi jan mutane zuwa wannan aiki. A Brazil, kamfanin Tectoy ya samu izini a 1991 ya cire jarumin Wonder Boy in Monster Land ya sa Mônica, yarinyar littattafan barkwanci na Mauricio de Sousa da kowane yaron ƙasar ya sani. Ƙwallo kuwa ba ta jira izini ba. International Superstar Soccer Deluxe na Konami, na 1995, yana da ƙungiyoyin ƙasashe, har da Najeriya da Kamaru, amma sunayen 'yan wasa na ƙirƙira ne, kuma babu kulob ko ɗaya. Wata ƙungiya a birnin Lima na Peru, Twin Eagles Group, ta buɗe wasan ta zana riguna da tambarin kulob-kulob na Peru da Brazil, kaset ɗin suka bazu a kasuwanni. A 2007 Allan Jefferson, mai shagon gem a garin Mogi Mirim na jihar São Paulo, ya fara Bomba Patch a kan wasan ƙwallon Konami na PlayStation 2, ana sabunta shi duk lokacin da 'yan wasa suka sauya kulob. Wanda ya zauna a gidan gem a Birnin Kebbi ko Sakkwato ya ga faifan PS2 ɗauke da 'yan wasan bana, shekaru bayan kamfani ya daina fitar da wasan, ya ga aikin irin waɗannan hannaye. Kamfanonin Japan da Amurka sun yi wasa don kasuwarsu. Sauran duniya suka shigar da kansu ta taga.

Intanet ce ta mai da abin sana'ar kowa. A 1997 aka saki NESticle, manhajar da ke kwaikwayon NES a kwamfuta, kuma tana ba mutum damar danna yankin hoto ya sake zana shi wasa na tafiya. Manhajoji irin su Tile Layer Pro da YY-CHR suka biyo baya. A 2000 wani mai laƙabin FuSoYa ya fitar da Lunar Magic, wadda ake sake gina filayen Super Mario World da ita, kuma har yanzu ana amfani da ita.

Yadda ake aikin bai sauya sosai ba. Ana kwafe abin da ke cikin kaset ya zama fayil, wanda ake kira ROM. Idan aka buɗe shi, hotunan ba sa fitowa a haɗe: hula a nan, takalmi a can, rabin fuska a wani layi. Sai mai zane ya gano wane yanki ke haɗuwa da wane, ya zana nasa daidai girman na da, da adadin launin da aka yarje masa, don ba shi da ikon ƙara gida ko ɗaya sai ya taɓa lissafin wasan kansa. Kowane motsi, tsayuwa, taku, tsalle, faɗuwa, da nasa zanen. Wasu wasannin kuma an matse hotunansu don tattalin wuri, sai an warware matsin kafin a ga komai. In an gama, ba a raba wasan gaba ɗaya. Ana fitar da ɗan ƙaramin fayil na faci, mai ɗauke da bambancin kawai, kowa ya liƙa a kan kwafinsa. Ta wannan hanya aka fassara Final Fantasy V daga Japananci zuwa Turanci a 1998, kafin kamfanin ya yi nasa, domin haruffa ma a waɗannan injina zane ne na ɗigo 8 a kan 8. Ma'ana, sa ƙ da ɗ da ɓ a cikin tsohon wasa bai wuce sake zana wasu haruffan da ba a bukata ba. A 2013 Mike Mika, ma'aikacin harkar gem a Amurka, ya sake zana Donkey Kong don 'yarsa 'yar shekara uku ta ce ita Pauline take so ta buga, matar da ake ceto a wasan. Ya mai da ita mai ceto, Mario ya koma jiran agaji.

Kamfanoni ba su ɗauki abin da fuska ɗaya ba. Nintendo ta fi kowa tsanani. A watan Agustan 2016 lauyoyinta suka sa aka janye AM2R, sabon ginin Metroid II da Milton Guasti ɗan Ajantina ya shafe kusan shekara goma yana yi, kwanaki kaɗan da fitowarsa. Sega ta bi wata hanya: ta ɗauki Christian Whitehead ɗan Ostareliya da wasu da suka taso cikin masu taɓa wasannin Sonic, suka yi mata Sonic Mania a 2017. Romhacking.net, rumbun da ya tara dubban faci tun 2005, ya daina karɓar sababbin ayyuka a watan Agustan 2024, aka miƙa abin da ya tara ga Internet Archive.

A Najeriya, zanen ɗigo-ɗigo ya sake shigowa ta aljihu bayan fara wayar GSM a watan Agustan 2001. Fuskar Nokia 3310 ɗigo 84 ce a kan 48, baƙi a kan kore, kuma a kanta aka buga wasan maciji, aka yi ta aika saƙon hoto na fure da zuciya da barka da sallah. A yau masu yin sababbin wasanni kan zaɓi wannan salo da gangan, kamar Shovel Knight na 2014, da Stardew Valley na 2016 wanda Eric Barone ya zana shi kaɗai, da Celeste na 2018. Sauƙin kuɗi na cikin dalilan: mutum ɗaya da ƙaramar kwamfuta zai iya gama hotunan wasa guda, abin da wasa mai siffa uku (3D) kan bukaci ma'aikata da yawa a kansa. Manhajojin kwaikwayon Famicom da Sega suna aiki a wayar Android mafi araha, kuma akasarin kayan zanen da na liƙa faci kyauta ake saukar da su.