Tsallaka Sabnet ba Tare da Yankewar Wi-Fi ba: Nazari kan Yankin Batsari da Safana

Tsakure

Maƙalar ta nazarci dalilin katsewar kira ko sauke fayil a lokacin da mai waya ya tashi daga wata tashar Wi-Fi zuwa wata da ke ƙarƙashin sabnet (rukunin adireshin IP) daban. Ta auna hanyoyin magance matsalar da ma'aunin yanayin yammacin Jihar Katsina, inda wutar lantarki da layin intanet ke ƙaranci.

1.0 Gabatarwa

A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Batsari da Safana da Dutsin-Ma. Wannan ya bayyana amfanin cibiyar sadarwa ta cikin gida, wadda makaranta ko asibiti ke iya gudanarwa da kanta. Babbar haraba, irin ta Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, tana buƙatar tashoshi masu yawa, kuma sabnet mai girman /24 ba ya ɗaukar na'ura fiye da 254. Don haka akan rarraba adireshi zuwa sabnet fiye da ɗaya.

2.0 Hanyar Bincike

An bi ƙa'idojin IEEE da IETF, aka kwatanta su ta fuska uku: lokacin sauya tasha, ɗorewar adireshin IP, da dogaro ga na'ura guda.

3.0 Sakamako da Tattaunawa

Sauyin tasha hawa biyu ne. A hawa na farko waya kan bar tasha ta kama wata. Ƙa'idar 802.11k ta 2008 tana ba ta jerin tashoshin maƙwabta, 802.11v ta 2011 tana ba ta shawarar inda za ta koma, 802.11r ta 2008 kuma tana rage musayar mabuɗan tsaro, ta yadda ba sai an sake komawa sabar tantancewa ta RADIUS ba. Duk da haka, babu ɗayansu da ke riƙe adireshi.

A hawa na biyu ne gizo ke saƙar. Da zarar waya ta shiga sabon sabnet, sai ta nemi sabon adireshi daga sabar DHCP mai rabon adireshi. Haɗin TCP kuwa an ɗaure shi ne da adireshi da lambar kafa, saboda haka tsohon haɗin ya mutu. Ƙa'idar G.114 ta ITU ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya, alhali neman adireshi na iya cin daƙiƙu.

Daga cikin hanyoyin magance wannan matsala, Mobile IP na 1996 ya nemi a sauya manhajar wayar kanta, abin da ya rage karɓuwarsa. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce bututun CAPWAP na 2009: tashoshi kan tura bayanai zuwa na'urar sarrafawa, ita kuma ta riƙe wa waya adireshinta na asali duk inda ta je. Sai dai kowane saƙo zai zaga ta can kafin ya isa, kuma idan wutarta ta ɗauke, harabar gaba ɗaya za ta tsaya. QUIC na 2021 yana jure sauyin adireshi, amma ga manhajojin da ke amfani da shi kaɗai.

4.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa a wannan yanki rage tsallaken ya fi sayen na'ura mai tsada. A shata sabnet bisa zirga-zirgar jama'a: azuzuwa da ɗakin karatu a ɗaya, ɗakunan kwana a wani, iyakar ta faɗa a fili inda sigina ke yankewa dama. A kunna 802.11k da 802.11r a cikin kowanne, a keɓe bututu ga wayoyin ma'aikatan lafiya da masu gadi, sannan a ba na'urar sarrafawa sola da batirinta.