Mendi: Jirgin Da Ya Kai Mazan Jiyanmu Yaƙin Jamus

Mu mutanen ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan ba abin da ya haɗa mu da teku, ruwan da muka sani shi ne na fadamar rake. Idan kuwa aka ambaci mazan jiya, hankalinmu Bama yake tafiya, wato Yaƙin Duniya na Biyu. Alhali kuwa shekara ashirin da bakwai kafin a tafi Bama an riga an loda sojojin Nijeriya a jiragen ruwa zuwa wani yaƙin. Ɗaya daga cikin jiragen nan sunansa Mendi, kuma duniya ta san shi, mu ne dai ba mu san da rabonmu a cikin labarinsa ba.

An ƙera Mendi a birnin Gilasgo a shekarar 1905. Ba don yaƙi aka yi shi ba. Jirgin kasuwa ne a ƙarƙashin kamfanin Elder Dempster, yana jigilar mutane da kaya tsakanin Libaful da gaɓar Afirka ta Yamma. Irin waɗannan jiragen ne ke jiran amfanin gonarmu a Ikko tun bayan da dogo ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Gimi nan kusa da mu.

A 1916 gwamnatin Ingila ta ɗauke shi haya. A lokacin an gama da Jamusawa a Kamaru, amma a Afirka ta Gabas, inda yau ake kira Tanzaniya, kwamandansu Lettow-Vorbeck ya gagari kowa, zazzaɓi kuma ya kwantar da sojojin Turawa da na Indiya. Sai aka ce a kawo baƙar fata, wai su suka fi jure wa cutar ƙasar. A Ikko aka gyara Mendi, aka mai da rumbunan da ake zuba kaya wurin kwanan soja. Mai karatu ya lura da wannan: ɗakunan sama na hafsoshi Turawa ne, sojanmu kuwa inda gangunan manja suka tashi nan ya shimfiɗa bargonsa.

A ƙarshen shekarar Mendi ya shiga ayarin jiragen da suka kwashi rundunar Nijeriya ƙarƙashin Janar Cunliffe, suka zagaya ta Kef Tawun har Darussalam. Hausa ce harshen bariki a rundunar, kuma da yawa daga cikin sojojin 'yan Arewa ne, mutanen da wataƙila kogin Kaduna ne ruwa mafi girma da suka taɓa gani. Abin da suka tarar ya fi tafiyar muni. Damina ta rutsa da su a bakin kogin Rufiji a farkon 1917, hanyoyi suka yanke, abinci ya ƙare, har ta kai soja na haƙar saiwa a daji don ya ci. A watan Oktoba kuma suka gwabza a Mahiwa, inda aka yi musu ɓarna mai yawa. Sai a 1918 waɗanda suka rage suka dawo gida.

Shi kuwa Mendi, da ya sauke su ya koma Kef Tawun. Ranar 16 ga Janairu, 1917 ya tashi da baƙaƙen Afirka ta Kudu fiye da 800, waɗanda aka ɗauka aikin ƙarfi a Faransa, don gwamnatinsu ba ta yarda baƙi ya riƙe bindiga a yaƙin Turawa ba. Ya biya ta Ikko, aka ɗora masa igwa a baya saboda jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Amma ba Jamusawa ne ajalinsa ba. Da asubahin 21 ga Fabrairu, cikin hazo mai kauri kusa da tsibirin Wight a kudancin Ingila, wani jirgin Ingila mai suna Darro, wanda ya kusa ninka shi uku a girma, ya zo a guje ya banke shi. Kafin rabin awa Mendi ya nitse. Mutum 646 suka mutu, akasarinsu sanyin ruwan ne ya kashe su. Kyaftin ɗin Darro, Henry Stump, bai ko sauke ƙaramin kwalekwale don ceto ba, jirgin rakiya Brisk ne ya tsamo mutane. Hukuncin da aka yi masa shi ne dakatar da lasisinsa na shekara ɗaya. A ganinmu, da fasinjojin farare ne da ba a tsaya nan ba.

Mutanen Afirka ta Kudu sun riƙe abin. Mulkin wariya bai hana su tunawa da ranar ba, yau kuma suna da lambar yabo ta jarumtaka mai sunan Mendi, da jirgin yaƙi mai sunansa. Mu kuwa a ajin tarihi mukan koyar da Yaƙin Duniya na Ɗaya kamar rigimar Turawa ce zalla, ɗalibi ya haddace sunan yariman da aka harbe a Sarayebo, bai taɓa jin Rufiji ko Mahiwa ba.

A 1974 aka tabbatar da inda gawar jirgin take kwance. Ƙararrawarsa, wadda sojojinmu suka yi makonni suna ji a hanyar Darussalam, an fito da ita daga ruwa, kuma a 2018 Firayim Ministar Ingila Theresa May ta miƙa ta ga Shugaba Ramaphosa a Kef Tawun.