Matakalar Farsifolis: Yadda Sarakunan Farisa Suka So A Gan Su

Kimanin kilomita 60 daga birnin Shiraz na ƙasar Iran akwai wani faffaɗan dakali na dutse a gindin tsauni, da ginshiƙai tsaitsaye waɗanda babu rufi a kansu. Mutanen ƙasar suna kiran wurin Takhti Jamshid, wato gadon sarautar Jamshid, wani sarki na cikin hikayoyinsu. Ba Jamshid ya gina shi ba. Sarki Dariyus na Ɗaya ne ya aza harsashinsa wajen shekara ta 518 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), 'ya'yansa da jikokinsa suka ci gaba da ginin. Girkawa ne suka raɗa masa suna Farsifolis, ma'ana birnin Farisawa.

Mai karatu kada ya haɗa waɗannan sarakuna da Kisra da muke ji a littattafan sira. Kisra na daular Sasaniyawa ne, wadda ta zo bayan ɗaruruwan shekaru. Wannan ita ce ta fari, wadda Sairus ya kafa. Ya ci Mediyawa a shekara ta 550, ya shiga Babila a 539, ɗansa ya ƙara da Masar a 525. Kafin Dariyus ya rasu, ikonsa ya kama tun daga kogin Indus har bakin ƙasar Girka, daular da ba a taɓa ganin mai faɗinta ba kafin nan.

Sai dai Farisawa asalinsu mahaya ne da makiyaya, ba su gaji gina fada da dutse ba. Dariyus bai ɓoye wannan ba, hasali ma alfahari ya yi da shi. A rubutun da ya sa aka binne a harsashin fadarsa ta Susa ya jera inda kowane kaya ya fito: katakon al'ul daga Labanan, zinariya daga Sardis da Baktiriya, azurfa da baƙin katako daga Masar, hauren giwa daga Kush da Indiya. Ya faɗi masu aikin ma. Masu sassaƙa dutse Girkawan Ayoniya ne da mutanen Sardis, maƙeran zinariya Mediyawa ne da Misrawa, masu yin tubali kuwa Babilawa. Shi ya sa ginshiƙi ɗaya a Farsifolis yake ɗauke da hannun al'ummu da yawa. Tsagin da ke jikinsa irin na Girkawa ne, amma a ƙolinsa bijimai biyu ne suka juya wa juna baya, gungumen rufi yana zaune a tsakaninsu, kuma wannan ƙirar ta Farisa ce. Bijiman da ke gadin babbar ƙofa, masu fukafukai da kan mutum, daga Assuriya aka aro su.

Inda ya fi cancanta a tsaya shi ne matakalar babban zauren da ake kira Afadana, mai ginshiƙai 72, kowanne tsayinsa ya kusa mita 20. A jikin bangon matakalar an sassaƙa tawagogi 23 na ƙasashen daular suna tafe da gaisuwar sarki. Kowace tawaga da irin tufafinta da hularta da gyaran gemunta. Mutanen Baktiriya suna jan raƙumi mai tozo biyu, Larabawa mai tozo ɗaya. Elamawa sun zo da zakanya, an rungumo 'ya'yanta biyu, ita kuma tana waiwayensu. Mutanen Lidiya sun kawo kofuna da warwaraye da keken doki. Can a ƙarshen layi ga mutanen Kush, daga kudancin Masar, da hauren giwa a kafaɗa da wata dabba da wasu ke cewa raƙumin dawa ce. A gaban kowace tawaga akwai bafade riƙe da hannun shugabanta, kamar yadda ake yi wa baƙo jagora zuwa gaban sarki.

Babu sarƙa a wuyan kowa, babu mai durƙuso a ƙarƙashin takobi. Wanda ya san sassaƙen fadar Assuriya a Ninebe, inda ake nuna garuruwa suna ci da wuta da kawunan mutane a tare, zai gane cewa da gangan aka yi wannan. A duk faɗin Farsifolis ba a sassaƙa fagen yaƙi ko ɗaya ba. Fadawa ma an nuna su suna hira, wani ya dafa kafaɗar wani, wani yana riƙe da fure.

A ganina a nan ne ya kamata a yi hattara da kyawun dutse. Dariyus ɗin nan shi ne ya sa aka sassaƙa shi a kan dutsen Bisitun ya taka wani abokin hamayyarsa da ƙafa, ga wasu tara a gabansa an ɗaure su da igiya a wuya. A shekara ta 494, lokacin da ake tsakar aikin fadar, dakarunsa suka rushe birnin Militus na Girkawan Ayoniya saboda tawaye, wato 'yan uwan masu sassaƙar. Marubucin tarihi Hirodotus ya ce harajin Babila na shekara ya haɗa da yara maza 500 da aka mayar babanni. Ba za ka ga waɗannan yaran a matakala ba.

Su kuwa ma'aikatan, labarinsu ya fito daga wani wuri dabam. A 1933 masu tono ƙarƙashin Ernst Herzfeld suka samo dubban allunan yumɓu a cikin ganuwar fadar, galibinsu da harshen Elam. Lissafin ma'aji ne kawai: sha'ir nawa aka ba wace ƙungiya, giya nawa, tumaki nawa. Daga nan aka san cewa akwai mata da yawa cikin ma'aikatan, har wasu suna shugabantar ƙungiya suna karɓar rabo fiye da na maza. Macen da ta haihu ana ƙara mata abinci, amma wadda ta haifi namiji tana samun ninkin na wadda ta haifi mace.

A shekara ta 330 Iskandar na Makidoniya ya kwashe baitulmalin, aka cinna wa fadar wuta. Rufin katako ya ƙone, bangayen tubalin ƙasa suka zube daga baya, ƙasarsu ta binne matakalar gabas. Wannan binnewa ce ta tsare ta, har ana ƙirga silin gemu a jikinta a yau.

Sunan Dariyus ya ɓace a bakin mutanen wurin, amma ƙirar ba ta ɓace ba. Sarakunan Sasaniyawa sun sassaƙa nasarorinsu a ƙarƙashin kaburburan magabatan nan a Nakshi Rustam. Lambu mai katanga da magudanan ruwa, irin wanda Sairus ya yi a Fasargada, ya zama tsarin lambun Farisa har zuwa Taj Mahal, kuma masana harshe suna danganta kalmar firdausi da sunan irin wannan lambu a tsohon harshen Iran. A 1949 kuma aka tono wata darduma a wani kabari da ƙanƙara ta daskare a tsaunukan Altai na Saibiriya, dubban kilomitoci daga Farisa. Ita ce dardumar ƙulli mafi tsufa da aka sani, kuma a gefenta mutane ne a jere, wasu a kan dawaki wasu suna jan su, kamar na jikin matakalar Afadana.